Yadda za mu ɗauko dashen itatuwa ya iso gida da rai

Ƴan'uwa manoma na Agye, Gazawa da Gidan Runji, damina ita ce lokacin dashe. Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. A shekarar 1984 kuma, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada. Amma har yanzu mukan sayi dashen mangwaro mai aure ko na lemo, mu dasa, bayan sati biyu ya bushe. Sai mu ce ƙasa ce ba ta karɓe shi ba. Sau da yawa kuwa, tun a hanya ya sha wuya.

Dashe abu ne mai rai. Saiwarsa tana shan ruwa, ganyensa yana fitar da shi. Idan ƙasar cikin leda ta farfashe, ƙananan saiwoyi sun tsinke. Idan rana da iska suka bugi ganye, ruwan jikinsa zai ƙare. To, me ya kamata mu yi?

Kafin tafiya

Mu fara gina ramuka a gona, mu zuba ruɓaɓɓen taki. Tsakanin mangwaro da mangwaro mu bar mita 10. A wurin renon itatuwa, mu zaɓi dashe mai koren ganye, wanda ba shi da tabo ko ƙwari, don kada mu kai cuta garinmu. Mu duba wurin auren, mu ga ya warke. Mu roƙi mai reno ya ba shi ruwa da marecen jajibirin tafiya. Ƙasa mai danshi ba ta wargajewa.

Shiryawa

Mu tallabi dashe ta gindin leda. Kada mu ɗaga shi ta kara. Mu jera shi a tsaye cikin baho, kwando ko kwali. Mu cusa ciyawa a tsakani don kada ya yi ta girgiza. Kada mu ɗora wani bisa wani. Mu lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon zane. Kada mu rufe shi da leda, domin zafi zai dafa ganyen. Dashen albasa da na tumatir, da ake cirowa ba leda, mu shafe saiwarsu da taɓo, mu naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Tun da mun iya rubutu, mu rubuta sunan kowane iri a takarda, mu ɗaura masa.

A hanya

Daga Gidan Runji zuwa Gazawa ya fi kilomita 100. Dashen da aka ɗaure a saman mota, ba rufi, iska za ta ƙone shi kafin a sauka. Mu nema masa wuri a cikin mota. Mu yi sammako, ko mu bari sai rana ta yi sanyi. Mai amalanke ya shimfiɗa ciyawa, ya tafi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan isowa

Mu ajiye shi a inuwa, mu yayyafa masa ruwa, ya huta kwana 2 ko 3. Mu dasa da marece. Mu tsaga ledar da reza, mu cire ta duka, ba tare da fasa ƙasar ba. Wurin auren ya tsaya a saman ƙasa. Mu danna ƙasa, mu ba shi ruwa, mu kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Jama'a, kuɗin dashe guminmu ne. Mangwaro da lemo kuma suna ƙara wa yaranmu da masu shayarwa lafiya. Wanda bai gane wani abu ba, ya tambayi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji. Wanda ya karanta kuwa, ya karanta wa maƙwabcinsa.