Waƙar da ta fito da Shakira duniya

Yawancinmu da "Waka Waka" ta gasar cin kofin duniya ta 2010 muka san Shakira. Amma waƙar da ta buɗe mata ƙofa ita ce "Whenever, Wherever" ta 2001.

Kafin nan, mawaƙiyar ta ƙasar Kolombiya ta yi suna a ƙasashen masu jin Sifaniyanci, sai dai kasuwar Amurka Turanci take so. Shakira ta dage ta koyi Turancin, Gloria Estefan ta taimaka mata da baitocin. Ta kuma rera waƙar da Sifaniyanci, mai suna "Suerte", kada mutanen gida su ce ta guje su.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne kiɗan. Harshe kawai ta canza. Sarewar mutanen tsaunukan Andes da charango, wata 'yar garayarsu, suna nan daram. A ganina wannan baƙon sautin ne ya ja kunnen Turawa. Waƙar ta kai lamba 6 a jadawalin Billboard na Amurka, ta zo ta ɗaya a Jamus da Faransa.

To, mawaƙanmu na makaranta masu jin kunyar sa kalangu a waƙa, sai ku sake tunani.