Birin da ya doke ɗaliban jami'a a allon taɓawa, da birin da ya san ya manta

Idan kana yawan leƙa YouTube, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon wani biri zaune gaban allon kwamfuta. Lambobi daga 1 zuwa 9 suna bayyana a warwatse, da ya taɓa 1 sai sauran su rikiɗe su zama fararen akwatuna, shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya a jere ba tare da kuskure ba. Bidiyon ba haɗi ba ne. Sunan birin Ayumu, jinsin cimfanzi ne, an haife shi a shekarar 2000 a cibiyar binciken birai ta Jami'ar Kyoto da ke garin Inuyama a Japan.

A 2007 Farfesa Tetsuro Matsuzawa da Sana Inoue suka fitar da sakamakon gwajin da ya yi masa suna. An riƙa haska lambobi biyar na ɗan lokaci kafin a rufe su. Da aka rage lokacin zuwa milisakan 210, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan guda, Ayumu ya ci gaba da cin kusan kashi 80 cikin ɗari, ɗaliban jami'a kuwa suka faɗo zuwa wajen kashi 40. Sai dai abin da masu yaɗa bidiyon ba sa faɗa shi ne, Ayumu ya daɗe yana atisaye, ɗaliban ba su yi ba. Daga baya wasu masu bincike a Amurka sun zauna sun yi ta maimaita gwajin har suka kamo shi. In kana son gwada kanka, shafin Human Benchmark yana da wasa irinsa da za ka iya bugawa a waya.

Saurin haddar Ayumu abin burgewa ne, amma a ganina ba shi ne babban labarin ba. Ka tuna lokacin da ka tsaya gaban ATM, ka sa lambar sirri sau biyu ba ta yi ba, ka san in ka kuskure a karo na uku za a toshe katin. Sai ka dakata ka tambayi kanka: anya na tuna lambar nan kuwa? Wannan duba abin da ke cikin kanka, da auna ko ka sani ko ba ka sani ba, shi masana ke kira sanin matsayin saninka. An daɗe ana ɗauka ɗan Adam kaɗai ke da shi. Matsalar ita ce biri ba zai buɗe baki ya ce "ban tabbata ba". To ta yaya za a tambaye shi?

Allon taɓawa ne ya ba da hanya. A 2001 wani masani a Amurka mai suna Robert Hampton ya gwada birai biyu jinsin rhesus, irin waɗanda suka cika garuruwan Indiya. Ana nuna wa biri hoto, hoton ya ɓace, a jira. Kafin a kawo tambaya, sai a ba shi zaɓi tsakanin alamomi biyu. In ya taɓa ta farko, ya yarda a jarraba shi ke nan: za a kawo hotuna huɗu ya nuna wanda ya gani, in ya ci ya samu gyaɗa, in ya faɗi ya tashi a tutar babu. In ya taɓa ta biyu, ya janye, za a ba shi ɗan abincin da bai kai gyaɗa daɗi a wurinsa ba, amma tabbas ne.

Lura da cewa a lokacin zaɓin babu komai a allon da zai taimaka masa. Dole ya duba cikin ƙwaƙwalwarsa ya ga ko hoton yana nan. Biran sun fi cin jarrabawar da suka zaɓa da kansu a kan wadda aka tilasta musu, kuma da aka tsawaita jira sai janyewa ta ƙaru. Wato kafin su ga tambaya sun riga sun san ko sun manta.

A Jami'ar Columbia ta New York, a 2007, an ƙara wa abin gishiri. Bayan biri ya ba da amsa sai ya zaɓi yawan abin da zai saka a kanta: in ya taɓa alamar tabbaci, zai samu maki uku idan ya yi daidai, ya rasa uku idan ya kuskure, ɗaya alamar kuwa maki ɗaya take bayarwa ko yaya ta kaya. Biran sun fi saka babba a kan amsoshin da suka yi daidai. Akwai masanan da ke cewa ba wani tunani ba ne, biran sun koyi abin da ke kawo abinci ne kawai, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Amma a 2017 wata tawaga a Jami'ar Tokyo ta sa wa birai maganin da ke kwantar da wani ɗan sashe a gaban ƙwaƙwalwa na wucin gadi. Biran suka ci gaba da tuna hotuna kamar da, sai dai hukuncinsu a kan ko sun tuna ya dagule. Haddar da mai gadinta ba wuri ɗaya suke ba.

Wannan rabuwar ita ce ainihin ciwon kan masu ƙera ƙirƙirarriyar basira a yau. ChatGPT da Gemini sun haɗiye rubutun da babu ɗan Adam da zai iya karancewa, amma in ka tambaye su abin da ba su sani ba, sukan ƙago maka suna da shekara da cikakken bayani, cikin murya ɗaya da wadda suke faɗin gaskiya. A 2023 alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kai wa kotu shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, waɗanda ba a taɓa yi ba.

Mu ma waya tana taɓa mana wannan ma'aunin. A wani binciken Jami'ar Yale na 2015, an sa wasu mutane su nemo amsoshi a intanet, wasu kuma aka hana su. Da aka tambaye su daga baya yadda za su iya bayanin wasu batutuwa daban da ba su bincika ba, waɗanda suka yi amfani da intanet sun ba kansu maki fiye da sauran.