Ƙarfin Ja a Ƙaramin Babur: Abin da Manoman Ranin Kura da Bunkure Za Su Ara Daga Baburan Gasar Duwatsu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan hanyoyin ƙara wa ƙaramin babur ƙarfin ja a lokacin da injinsa ke juyawa a hankali. An ɗora bayanin a kan buƙatar manoman rani na yankin Kura da Bunkure a Jihar Kano, waɗanda babur ya zama musu jakin zamani. Maƙalar ta bambanta gudu da ja, ta kawo misalin baburan gasar hawan duwatsu na Turai, sannan ta nuna cewa gyara mafi amfani kuma mafi araha yana ga farantin sarƙa da kula da numfashin inji.

1.0 Gabatarwa

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga gare ta ne ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A wannan yanki ana noman shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir, kuma kusan babu lokacin da gona ke hutawa.

Sai dai tsakanin gona da kwalta akwai tafiya. Hanyoyin da suka bi gefen magudanai na ƙasa ne, wani wuri rairayi, wani wuri taɓo inda ruwa ya ɓalle, ga kunyoyi da ƙananan gadoji da sai an hau an sauka. Mota ba ta shiga ko'ina, don haka ƙaramin babur mai inji 100 zuwa 125, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da TVS, shi ke fito da kwandunan tumatir zuwa kasuwa irin ta Kwanar Gafan, ya kuma shigar da taki da injin ban-ruwa. Tumatir ba ya jiran kowa. Idan babur ya mutu a tsakiyar laka da kwando biyu a bayansa, asarar ta wuce ta lokaci. Tambayar da ke gaban mai irin wannan babur ita ce yadda zai sa shi ya tashi da kaya daga tsaye ba tare da ya ƙone kuloci ba.

2.0 Bambancin Gudu da Ja

Bahaushe yakan ce babur yana da gudu, yakan kuma ce yana da ja. Wannan rabe-rabe na yau da kullum ya dace da abin da kimiyyar inji ta tabbatar. Abin da inji ke samarwa shi ne ƙarfin murɗa, wato irin ƙarfin da hannu ke sa wa sifana wajen kwance noti. Idan aka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyin inji a minti guda, sai a samu jimillar aikin da injin ke iya yi. Ƙaramin inji ba shi da ƙarfin murɗa mai yawa, saboda haka yana dogara ne da saurin juyi. Shi ya sa yake da kuzari idan an buɗe totur a kan kwalta, amma ya riƙa shaƙewa idan an ɗora masa buhun shinkafa aka ce ya hau tudu daga tsaye.

Aikin giya da sarƙa shi ne musayar juyi da ƙarfi. Duk abin da aka ƙara a ja, an rage shi ne daga gudu. Wanda ya fahimci wannan ba zai nemi duka biyun a wurin bakanike ba.

3.0 Misalin Baburan Gasar Duwatsu

Akwai wata gasar babur da ba a lashe ta da gudu. Mahayi yana bi ta kan duwatsu da rafuka da gangare cikin tafiyar hawainiya, kuma duk sanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ana rubuta masa maki na tara. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ne zakara. Mafi shahara ita ce gasar kwana shida ta ƙasar Sikotilan, wadda ta samo asali tun 1909. A 1965 ɗan tseren nan Sammy Miller ya lashe ta da babur ƙirar Bultaco na ƙasar Sifen, abin da ya sa ƙananan babura marasa nauyi suka ture manyan baburan Ingila daga fagen.

Maƙeran irin waɗannan babura sun daɗe da sanin abubuwa huɗu. Suna sa ƙaramin faranti a gaba da babba a baya. Suna sa kafireta mai ƙaramin maƙogwaro, domin iska ta fi gudu a ƙuntataccen bututu, tana kuma jan fetur da kyau ko da injin na juyawa a hankali. Suna ƙara nauyin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin, don kada ya mutu tsakanin bugu da bugu. Sannan suna rage iskar taya ƙwarai don ta manne da dutse. Manomin Bunkure ba gasa yake yi ba, amma matsalarsa da tasu ɗaya ce: tafiya a hankali a mugun wuri ba tare da inji ya mutu ba.

4.0 Farantin Sarƙa

Gyara na farko da ya fi kowanne tasiri shi ne canza yawan haƙoran farantan da sarƙa ke hawa. A ɗauka na gaba yana da haƙora 14, na baya 42. Ke nan sai na gaba ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka sa na baya mai haƙora 45, lissafin ya koma 3.21, wato ja ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowace giya. Babur ɗin da ke kai kilomita 80 a sa'a zai dawo wajen 75. Haka nan idan aka bar na baya yadda yake aka sa na gaba mai haƙora 13, sakamakon 3.23 ne.

Hanyoyin biyu ba daidai suke ba wajen ɗorewa. Ƙaramin farantin gaba ya fi araha, amma yana tilasta wa sarƙa lanƙwasa sosai, don haka ta fi saurin cinyewa. Babban farantin baya ya fi sauƙi ga sarƙa, sai dai yakan buƙaci a ƙara mata tsawo. Kowanne aka zaɓa, ya fi kyau a canza sarƙa da farantai tare, domin tsohuwar sarƙa da ta miƙe takan lalata sabon faranti cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma batun mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita abin lissafi ce. Babur ɗin da aka yi wa wannan gyara zai ƙara shan mai a doguwar tafiya irin ta titin Kano zuwa Zariya, saboda injin na yawan juyi a kan gudu ɗaya. A cikin gona kuwa ribar tana fitowa ne ta wajen kuloci, tunda mahayi ba ya buƙatar riƙe shi rabi da rabi yana zuga totur kafin ya tashi.

5.0 Numfashin Inji

Sau da yawa jan da ake nema yana nan a cikin injin, rashin kula ne ya danne shi. Ƙurar hunturu, wadda ta zo daidai da lokacin noman rani, tana toshe matatar iska. Idan iska ta ragu, fetur ya yi yawa a cikin haɗin, sai fulogi ya yi baƙi, injin ya yi nauyi. Wasu kan cire matatar gaba ɗaya. Wannan yana barin ƙura ta shiga ta goge fistin da zobbansa, matsin inji ya ragu, ja kuwa a kan matsi ya dogara. Wanke matatar ko canza ta a kai a kai shi ne magani.

A cikin kafireta akwai ƙananan kafofi da ke auna fetur. Mafi ƙanƙanta ita ce ke ciyar da inji daga tsaye har zuwa kusan rubu'in totur, kuma ita ce ta fi saurin toshewa idan fetur na da datti ko ruwa. Babur ɗin da ke tari idan an fara jan totur, a nan ya kamata a fara dubawa. Launin fulogi shaida ne: ruwan ƙasa mai haske yana nuna haɗi daidai, baƙi yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuma yana nuna mai ya yi kaɗan, wanda ke sa inji zafi. Sa babbar kafireta da nufin ƙarin ƙarfi kuskure ne ga mai neman ja, kamar yadda misalin baburan gasa ya nuna.

Bawul ma yana da nasa. Idan tazararsa ta matse, ba ya rufewa sosai bayan inji ya yi zafi, sai matsi ya zube. Daidaita shi aiki ne na 'yan mintuna. Fasa salansa kuwa ƙara kawai yake ƙarawa, kuma a ƙaramin inji yakan rage ja a ƙaramin juyi.

6.0 Abin da Ba a Ara

Ba duk dabarar gasa ce ta dace da gona ba. Baburin gasa mutum ɗaya yake ɗauka, shi ya sa ake rage masa iskar taya. Idan aka yi haka ga babur mai ɗauke da buhu, bakin ƙarfen taya zai datse tub, ko tayar ta zame. Abin da ya fi shi ne taya mai manyan zane da iskar da ta dace da kayan. Ƙarin nauyin faifan inji kuma aiki ne na maƙeri gwani, domin idan nauyin ya karkata, girgiza za ta cinye injin. Faɗaɗa silinda yana ƙara ƙarfi da gaske, amma yana ƙara zafi ga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, wanda kuma ke tafiya a hankali cikin ranar bazara.

Abu mafi muhimmanci shi ne birki. Canza faranti yana ƙara wa babur ikon tashi da kaya, amma bai ƙara masa ikon tsayawa da su ba. Hanyar da ke bakin babbar magudana ba ta da shinge, ruwan kuma yana da zurfi da gudu. Wanda babur ɗinsa ya sami ja ya ga damar ƙara buhu na biyu, ya ɗora wa birki da firam nauyin da ba a ƙera su dominsa ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙaramin babur yana iya samun jan da aikin gona ke buƙata ba tare da an buɗe injinsa ba. Tsarin da ya dace shi ne a fara da matatar iska da kafireta da bawul, domin a dawo da ƙarfin da ya ɓace, sannan a ƙara wa farantin baya haƙora biyu ko uku gwargwadon kayan da aka saba ɗauka. Ga masu nazarin harshe kuma akwai aiki a nan. Kalmomi irin su totur da kuloci da fulogi da salansa sun zauna daram a Hausa, kuma bambancin gudu da ja ya nuna cewa harshen yana da abin da za a gina bayanin kimiyyar inji a kai. Tattara kalmomin bakanikan Kura da Bunkure zai taimaka wajen rubuta littattafan koyar da gyaran babur da Hausa, waɗanda yaran gareji za su iya karantawa su yi aiki da su.