Ɓarakar lambu da jinin rauni

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko Kura ya san abin da ake yi idan magudana ta ɓalle ana cikin ban ruwa. Mai lambu ba ya tsayawa neman wanda ya jawo. Laka yake dumbuzowa ya cusa a bakin ɓarakar, ya sa ƙafa ya danne har ta kama. In ya riƙa ɗagawa yana leƙawa, ruwa ya wanke ɗan abin da ya fara riƙewa, aiki ya koma ɗanye. In kuwa ɓarakar ta fi ƙarfinsa, sai ya haura ya datse ruwan tun daga inda yake tahowa.

Haka ake yi wa jinin da ke tuttuɗowa daga saran adda ko hatsarin babur. Sai dai mai lambu yana da madatsar Tiga a bayansa, shi kuwa baligi duk jininsa kimanin lita 5 ne. In lita 2 ta zuba, rai na cikin haɗari, kuma in babbar jijiya ce ta tsinke, minti 5 na iya isa a rasa mutum.

Saboda haka a kwantar da wanda ya ji raunin, a ninke ƙyalle mai tsabta, ko ɗankwali ne ko rawani, a ɗora a kan raunin. Mai taimako ya zura hannuwansa a leda, ya danna da dukkan nauyinsa, minti 10 cur ba ɗagawa. A nan ne mutane kan yi ɓarna. Wani ya ce, "Malam, buɗe mu ga ko ya tsaya." Buɗewar nan ita ke ɓamɓare gudan jinin da ya fara toshe jijiyar. In ƙyallen ya jiƙe, a ƙara wani a kansa. In raunin mai zurfi ne, a cusa ƙyallen ciki tam kafin a danna. Wuƙa ko ƙarfen da ya maƙale kuwa, a bar shi a wurinsa, a danna gefe da gefe.

In hannu ne ko ƙafa, kuma dannawa ta gaza, sai datsewa daga sama. A ɗaura ƙyalle mai faɗin yatsu uku, santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba. A sa sanda a ƙullin, a murɗa har jinin ya tsaya cak. Mai raunin zai yi ihu don zafi, amma kada tausayi ya sa a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaure, likita zai tambaya.

Laka dai ta lambu ce kawai. Ƙasa, toka, garin taba ko fetur da wasu ke zubawa ba sa tsayar da jijiyar da ta tsinke, ƙasa da kashin shanu ma su ke shigar da tetanus mai sandarar da jiki.

Mai dannawa na kan aikinsa, wani ya lulluɓe majinyacin kada sanyi ya kama shi, wani ya buga 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, ko ya tsayar da mota. Kuma kada tsoron takardar 'yan sanda ya jawo jinkiri: tun 2017 dokar Najeriya ta wajabta wa asibiti karɓar ko da wanda aka harba da bindiga ba tare da ita ba.