Roba Na Shan Wari, Amma Ba Ta Saurin Sakin Sa

Duk wanda ya san kasuwar Matamaye, a jihar Damagaram, ya san yadda jarkar roba ta zama abokiyar sana'armu. Da ita muke zuba man gyaɗa da manja, da ita muke ɗebo ruwa, kuma da irinta ake dakon fetur a hanyar Ɗan Barto zuwa Daura. Matsalar ita ce, sau da yawa jarka ɗaya kan yi waɗannan ayyuka duka. A wanke ta da omo, a shanya, amma bayan kwana biyu mai saye ya dawo yana cewa mai na warin fetur. Shin ina warin yake ɓuya?

Masana sun ce roba ba ta toshe ruf kamar kwalba ba. An yi ta ne da wasu dogayen zarurruka da suka cuɗe da juna, kuma a tsakaninsu akwai 'yan sarari da ido ba ya gani. Tururin fetur da na kananzir kan kutsa cikin waɗannan sarari ya zauna a naman robar, inda sabulu da soso ba sa kaiwa.

A shekarar 2004, wasu malaman Jami'ar Manchester a Ingila, Peter Budd da Neil McKeown, sun fito da wata roba mai ɗimbin ƙananan ramuka, wadda suka kira PIM-1. Idan da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram 10 nata, zai kai faɗin filin ƙwallo. Da aka riƙa tura mata iska a ɗakin bincike ana kuma janyewa, sai aka ga yadda iskar ta shiga daban, yadda take fita daban. Wajen shiga robar kan ɗan kumbura, ta buɗe wasu lunguna, to wajen fita sai wani kaso ya maƙale, ya riƙa sulalewa sannu a hankali. A taƙaice, shiga da sauƙi, fita da wuya.

Robar jarkarmu ba ta kai waccan yawan ramuka ba, amma ita ma tana shan fetur, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, musamman idan rana ta buga ta. Mai kuwa maiƙo ne, shi ya sa yake saurin janyo abin da robar ta ɓoye. Na fetur ma da sauƙi, tunda hanci zai faɗa mana. Wanda ya fi hatsari shi ne galan ɗin maganin feshi, domin ba kowace guba ce ke da wari ba. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna gargaɗin kada a zuba abinci ko ruwan sha a irin wannan mazubi, ko da an wanke shi.

Masu ajiyar wake ma akwai darasi a nan. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 tare da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi, leda biyu ke cikinsa bayan buhun waje. Dalili kuwa, iska kan ratsa leda a hankali, amma ratsa biyu ya fi mata wuya. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ɓarna ba tare da an sa magani ba. Sharaɗin shi ne waken ya bushe sosai, a ɗaure kowace leda daban, a kuma duba babu huji.

Don haka iyayenmu mata da 'yan'uwa 'yan kasuwa, mu ware wa kowane kaya mazubinsa, mu sa wa jarkar fetur alama da fenti. Kafin mu sayi tsohuwar jarka, mu rufe bakinta mu ajiye a rana na ɗan lokaci, sannan mu buɗe mu sansana. Wadda ba mu san abin da ta taɓa ɗauka ba, mu haƙura da ita komai arharta. Kuɗin sabuwar jarka bai kai asarar lita 25 na man gyaɗa ba, balle lafiyar yaran da za su ci ƙosan da aka soya da shi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.