Fatar Saniya a Jikin Mutum: Me Ke Faruwa Bayan Likita Ya Rufe Ɗinki?

Idan an taɓa yi maka ɗinki a asibiti aka ce maka "kar ka damu, zaren zai narke da kansa", to akwai yiwuwar ka riga ka ɗauki wani yanki na dabba a jikinka. Zaren da ma'aikatan asibiti ke kira katgot daga hanjin tumaki ko na shanu ake yin sa, kuma jiki kan cinye shi cikin wata biyu zuwa uku. Yau abin ya wuce zare. Likitocin tiyata suna amfani da fatar saniya, fatar alade, tantanin da ke lulluɓe zuciyar sa, har da fatar kifi, wajen gyara ƙunar wuta, toshe bangon ciki da ya yage, sake gina mama bayan an cire ta saboda ciwon daji, da maye bawul ɗin zuciya da ya lalace.

To, ya aka yi jiki bai kore su ba? Kuma ina suke zuwa bayan shekara ɗaya ko goma?

Abin da jiki ba ya yafewa

Da za a ɗauki ɗanyar ƙodar alade na gama-gari a haɗa ta da jijiyoyin jinin mutum, cikin mintuna ko 'yan sa'o'i za ta yi baƙi ta mutu. Babban dalili shi ne wani ɗan sukari mai suna alfa-gal da ke jikin ƙwayoyin halittar shanu, tumaki, aladu da mafi yawan dabbobi masu shayarwa. Mu mutane ba mu da shi, don haka garkuwar jikinmu na kallon sa a matsayin tambarin baƙo. Masanin garkuwar jiki Uri Galili ya nuna a 1984 cewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sinadaran kariya da ke yawo a jininmu, wannan sukarin kaɗai suke fako.

Ka ga kenan mafi yawan rigimar tana jikin ƙwayoyin halitta ne. Amma nama ba ƙwayoyin halitta kaɗai ba ne. Akwai saƙar da suke zaune a cikinta, wadda akasarinta furotin ne mai suna kolajin, wato abin nan da ke sa ganda ta yi danƙo idan ta dahu. Kolajin ɗin saniya da na mutum suna kama da juna ƙwarai, shi ya sa jiki ba ya tayar da hankali sosai a kansa.

Dabarar ita ce a wanke ƙwayoyin a bar saƙar. Ana jiƙa fatar a sinadarai masu kama da sabulu da ke fasa ƙwayoyin halitta, a sa wasu da ke narkar da DNA, a ɗauraye, sannan a kashe ƙwayoyin cuta. Tuna soson wanka na gargajiya: tsokar ɗan itacen ta tafi, zaren ya rage da ramukansa. Abin da likita ke ɗinka wa maras lafiya kenan, gida babu mazauna.

Daga rana ta farko zuwa wata shida

Cikin mintunan farko furotin na jini ke lulluɓe dashen. A kwanakin farko fararen ƙwayoyin jini ke cika wurin, ya yi ja, ya ɗan kumbura. Wannan ba ƙin karɓa ba ne, haka kowane rauni ke farawa.

Sai masu yanke hukunci su iso, wasu manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj. Su ne 'yan sharar jiki, kuma fuska biyu gare su. Da fuskar faɗa suna zuba sinadarai masu ƙona baƙo. Da fuskar gyara kuwa suna gutsurar saƙar a hankali, suna kiran ƙananan jijiyoyin jini su shigo, tare da ƙwayoyin da ke saƙa sabon kolajin. Idan komai ya tafi daidai, fuskar faɗa ce ke gaba a makon farko, daga nan ta gyara ta karɓa. Cikin watanni sai kolajin ɗin dabba ya riƙa raguwa, na mai jikin yana maye gurbinsa.

Misali mai kyau shi ne Integra, fatar wucin gadi da Ioannis Yannas da likita John Burke suka ƙirƙiro a Boston, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1996. Ƙasanta kolajin ɗin saniya ne haɗe da wani sinadari daga guringuntsin kifin shak, samanta kuma siririyar roba ce da ke hana ruwa fita. Ana shimfiɗa ta a kan ƙuna mai zurfi. Bayan mako biyu zuwa uku, jini ya shige ta, sai a ɓare robar a ɗora siririyar fatar mai jikin a kai. Sai dai sabuwar fatar ba ta da gashi, ba ta kuma yin gumi. Gyara ne mai kyau, amma ba ta komawa kamar ta haihuwa.

A nan fa akwai tsere. Jiki na rushe dashen, yana kuma gina nasa. In rushewa ta riga gini, bangon cikin da aka toshe sai ya sake buɗewa. Ƙwayoyin cuta na hanzarta rushewar, domin wasunsu na fitar da sinadarin da ke narkar da kolajin. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, shan taba, da gashin ciwon daji da aka yi wa wurin, su kuma suna jinkirta ginin. Wajen sake gina mama, ɗaya daga matsalolin da aka fi gani shi ne taruwar ruwa tsakanin dashen da fata, wanda ke hana su mannewa.

Idan ba a so ya narke

Wani wurin ba a son narkewa ko kaɗan. Bawul ɗin zuciya na buɗewa da rufewa kusan sau 100,000 a rana, ba zai jira a sake gina shi ba. Nan sai a koma sana'ar majema. Abin da bagaruwa ke yi wa fata a majemar Kano shi ne ta ɗaure zaruruwan kolajin da juna har fatar ta daina ruɓewa. A ƙarshen shekarun 1960, likitan zuciya Alain Carpentier na Faransa ya fara jeme bawul ɗin alade da sinadarin gulutaraldehaid, kuma har yau da shi ake jeme mafi yawan bawul na alade da na tantanin zuciyar sa. Jimar na rufe wani ɓangare na tambarin baƙuntar, tana kuma ƙara ƙarko.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Jemammen nama ba ya zama naman mai jiki. Makrofaj ba sa iya cinye shi, jijiyoyin jini ba sa shigarsa sosai. Idan a ƙarƙashin fata yake, jiki kan kewaye shi da tabo kamar an gina masa katanga. Idan bawul ne, sinadarin kalsiyam ke taruwa a kansa sannu a hankali har ya sandare ko ya tsage. A jikin dattijo yakan kai shekara 10 zuwa 20. A jikin yaro ko matashi kuwa yana lalacewa da wuri, saboda garkuwarsu ta fi kuzari, kalsiyam kuma ya fi zirga-zirga a jikinsu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashenmu da yawa daga masu buƙatar sabon bawul matasa ne, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun suna yara ya koma ya lalata musu zuciya. Ɗauki budurwa 'yar shekara 22. Bawul na ƙarfe zai daɗe, amma sai ta sha warfarin, maganin hana daskarewar jini, har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai, ga shi maganin na iya cutar da ɗan tayi. Bawul na dabba zai sauƙaƙa mata haihuwa, amma kusan tabbas za a sake yi mata aiki. Zaɓi ne da sai an zauna da ita an yi mata bayani dalla-dalla.

Batun cuta, da batun alade

Wanki da kashe ƙwayoyin cuta sun rage haɗarin ɗaukar cuta daga dabba ƙwarai. Bayan ɓullar cutar haukan shanu a Ingila, kamfanoni da dama sun koma samo shanunsu daga Ostireliya da New Zealand. Akwai kuma mutanen da cizon wata kaska, musamman a kudu maso gabashin Amurka, ke sa jikinsu ya ƙi alfa-gal har su kasa cin jan nama. Irin waɗannan dole likita ya sani kafin a sa musu komai na dabba, domin wanki ba ya cire sukarin ƙaf.

Shi kuwa alade, hukuncinsa a lokacin larura fagen malamai ne. Abin da kimiyya za ta ƙara shi ne sau da yawa akwai madadi: na saniya, na mutum da aka bayar gudummawa, na roba, ko na kifi. A birnin Fortaleza na Brazil likitoci sun yi amfani da fatar karfasa wajen rufe ƙuna, kodayake ita bandeji ce, ana cire ta idan wurin ya warke.

Don haka in likita ya ce zai sa maka irin wannan dashen, tambaye shi abu huɗu. Daga wace dabba yake? Mai narkewa ne ko jemamme? Shekara nawa ake sa ran zai yi a jikin mai shekaruna? Wace alama zan gani in dawo da sauri? Amsar ta ƙarshen dai ka riƙe ta tun yanzu: zazzaɓi, jan da ke yaɗuwa, ruwa ko mugunya daga wurin ɗinki, ga mai bawul kuma sabon haki ko kumburin ƙafa.