Likitan Ƙashi Da Gwiwar Ɗan Dako

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 

Bayan haka, duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa da hantsi ya ga 'yan dako suna sauke ƙiraga a ƙofar gidajen jima, ko ya je Bompai ya ga ana loda buhuna a mota, ya san dukiyar Kano bisa gwiwar mutane take tafiya. To, a ce ɗayansu ya diro daga bayan mota da kaya a ka, ƙafarsa ta kafe a ƙasa, jikinsa ya juya. Sai ya ji ƙas a cikin gwiwa, kafin la'asar ta kumbura. A kai shi wurin maɗori, ya shafa, ya ce babu karaya. Gaskiya ya faɗa, ƙashi bai karye ba. Amma bayan kumburi ya sauka, in ya ɗauki kaya sai gwiwar ta goce masa, har sujada ta zama wahala.

Abin da ya auku shi ne, a cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu gicciye juna, su ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ce ta tsinke. Karan ɗori ba ya haɗa ta, hoton ƙashi na yau da kullum kuma ba ya nuna ta. Wannan ciwo shi ne ke kayar da 'yan ƙwallo a filin wasa na Ƙofar Mata, kuma a wurin jinyar 'yan wasa aka naƙalci maganinsa. Saboda haka likitan ƙashi na 'yan wasa shi ne gwanin gwiwar ɗan dako.

Wannan fanni ba baƙo ba ne ga malamai. Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rufe littafinsa Attasrif da babin fiɗa, a ciki har da ɗorin karaya da mayar da gaɓar da ta goce. A Kano kuwa, a 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala, bisa himmar wani likitan Ingila mai suna Bryson. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa shi da na Igbobi a Ikko da na Enugu ƙarƙashin hukuma guda.

Yaya yaro yake zama irin wannan likita? Da fari zai yi shekara 6 a makarantar likitoci, kamar ta Jami'ar Bayero, sa'an nan shekara guda yana aiki a gaban manya, da wata guda ta hidimar ƙasa. Daga nan ya shiga asibiti kamar na Dala ya yi shekara 5 ko 6 yana riƙe wa malaminsa kayan fiɗa, yana kwanan tsaron majinyata, har a ba shi wuƙa. Sai ya ci jarrabawar ƙungiyar likitocin fiɗa ta Nijeriya ko ta Afirka ta Yamma, watau ijazarsa ke nan. Bayan wannan ne zai koyi aiki da madubin leƙen gaɓa, wani siririn ƙarfe mai fitila wanda ake zurawa ta 'yar kafa, a ga cikin gwiwa ba tare da an farke ta ba. Wani likitan Japan, Watanabe, shi ya kyautata wannan madubi. In kuwa malamin jami'a ne, ba ya zama shaihun malami sai ya karantar, ya yi bincike, ya rubuta abin da ya gano, 'yan'uwansa sun tace sun yarda.

Ga misalin wanda ya kai ƙarshen wannan hanya. Freddie Fu haifaffen Hong Kong ne, ya tafi Amurka neman ilmi, ya zama likita a Jami'ar Pittsburgh a 1977. Tun 1986 yake duba 'yan wasan jami'ar, a 1998 aka naɗa shi shugaban sashen ƙashi, bai bar muƙamin ba sai da ya rasu a 2021. Mafi yawan rayuwarsa bisa wannan jijiya guda ta ƙare. Idan ta tsinke, akan yanko wata daga jikin majinyaci, a huda ƙashin cinya da na ƙwauri, a dasa ta. Fu ya karantar cewa lalle ne a dasa ta daidai gurbin da aka halicci ta farin, kuma a auna gwiwar kowa dabam, gama ba su zama ɗaya ba. A 2017 shi ya yi wa Zlatan Ibrahimovic aiki, yana ɗan shekara 35, bayan kamar wata 7 ya koma fili. Almajiransa kuma sun watsu cikin duniya da wannan karatu.

To, ya ku attajirai, ga abin da ya shafe ku. Idan yaronku ya ji ciwo a bakin aiki, gwiwa ta kumbura nan da nan, ko ta riƙa gocewa, ku aika da shi asibiti tun da wuri, domin kowace gocewa tana ƙara cin guringuntsi, wanda ba ya komawa yadda yake. Ba kowa ake wa fiɗa ba, wani motsa jiki a hannun gwani ya ishe shi. Wanda aka yi wa kuwa, a yi masa haƙurin wata 9 ko abin da ya yi kusa, kafin ya koma ɗaukar nauyi. In kuma karaya ce aka ɗaure a gida, yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko zafi ya tsananta, to ɗauri ya tare jini. A sassauta shi, a garzaya asibiti a ranar, gama jinkirin kwana ɗaya yakan jawo yanke hannu ko ƙafa.

Ku kuma malamai, in Allah ya ba ku ɗa mai haƙurin karatu, kada tsawon shekarun nan ya ba ku tsoro. Ku kun fi kowa sanin ba a sauke littafi rana ɗaya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wassalam.